Ziyarar Fagagen Yaƙi da Maƙabartun Sojoji a Ƙasashen Waje: Hukuncinta da Izinar da ke Cikinta

Tsakure

Maƙalar nan ta duba halin da matafiyi Musulmi yake shiga idan tafiya ta kai shi tsohon fagen yaƙi, ko maƙabartar sojoji, ko ginin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Ta rarrabe tsakanin waɗannan abubuwa uku, domin cakuɗa su ne yake jawo kuskure wajen fatawa. Ta ɗauki ziyarar Manzon Allah (SAW) ga shahidan Uhudu da wucewarsa ta kufan Hijir a matsayin ma'auni, sannan ta ɗora wannan ma'auni a kan wurare uku: Verdun a Faransa, Canakkale a Turkiyya da Taukkyan a Myanmar. Abin da ta cimma shi ne, asalin irin wannan ziyara halacci ne, kuma darajarta tana rataye da abin da mai ziyara ya komo da shi a zuciyarsa.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Dalilan da suke fitar da mutanenmu zuwa ƙasashen waje ba su canja sosai ba tun zamanin ayari: Hajji, fatauci, neman ilmi da neman magani. Abin da ya ƙaru shi ne wuraren da ake nuna wa matafiyi in ya isa. Alhaji da mai Umra ana ɗaukarsu a mota zuwa Uhudu. Ɗalibin da yake karatu a Turkiyya makarantarsa takan shirya masa tafiya zuwa Canakkale. Wanda ya je taro a Faransa ko Beljiyam yakan ratsa filayen da aka jera fararen duwatsu dubbai. Jami'in gwamnati ko hafsan soja da yake cikin tawaga kuwa, kafin ya ankara an miƙa masa furanni an nuna masa inda zai ajiye.

Daga nan tambayoyi suke tasowa. Shin ya halatta a yi tafiya musamman domin ganin irin waɗannan wurare? Me mutum zai ce a gaban kabarin sojan da ba Musulmi ba, ko na Musulmin da ya mutu a ƙarƙashin tutar 'yan mulkin mallaka? Mene ne hukuncin tsayuwar shiru da ajiye furanni? Mutane sun kasu a kan wannan. Akwai wanda yake shiga ko'ina da dariya da ɗaukar hoto kamar yana wurin shaƙatawa. Akwai wanda yake ɗibar ƙasar Uhudu ya ƙulle a gefen mayafi domin neman tabarruki. Akwai kuma wanda yake haramta komai da kalma ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta mayar da mas'alar zuwa tushenta.

2.0 Abubuwa Uku da Ake Cakuɗawa

Na farko shi ne fagen yaƙin kansa: tudu, kwari, ramin da sojoji suka ɓuya, ko gaɓar tekun da aka sauke dakaru. Wannan ƙasa ce kawai wadda wani abu ya auku a kanta. Kallonta yana ƙarƙashin babin duban kufai da gurabun mutanen da suka shuɗe.

Na biyu shi ne kabari. A nan akwai mamaci, kuma mamaci yana da alfarma. Hukuncin tsayuwa a kansa yana cikin babin ziyarar kaburbura, wanda malaman fiƙihu suka yi wa bayani dalla-dalla.

Na uku shi ne ginin tunawa: hasumiya, bango mai ɗauke da sunaye, mutum-mutumi, ko wutar da ba a barin ta mutu. Wannan aikin masu rai ne. Hukuma ce ta gina shi, ita ta zaɓi abin da za a rubuta a jikinsa, ita kuma ta tsara bikin da ake yi a gabansa. Saboda haka ana dubansa ta fuskar hukuncin surori, da kamanceceniya da ibadun wasu, da kuma gaskiyar labarin da yake bayarwa.

Sau da yawa abubuwan nan uku sukan haɗu a waje guda, mutum ya taka daga wannan zuwa wancan cikin 'yan mintuna. Wanda aka tambaye shi hukuncin "zuwa wurin" ya kamata ya fara tambayar wanne ake nufi daga cikinsu.

3.0 Hukuncin Tafiyar Kanta

Alƙur'ani ya umurci mutane a wurare da dama da su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi ƙarshen waɗanda suka gabace su, kamar a aya ta 9 ta Suratur Rum da aya ta 46 ta Suratul Hajji. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin waɗannan umurni, wato aya ta 137 ta Suratu Ali Imrana, ta zo ne a tsakiyar ayoyin da suke sharhin yaƙin Uhudu. Ke nan an haɗa wa sahabbai duban tarihin al'ummai da duban raunin da ya same su a fagen fama, a darasi guda. Haka kuma farkon Suratur Rum ya ja hankalin Musulmi zuwa ga yaƙin Rumawa da Farisawa, dauloli biyu da ba na Musulunci ba. Wannan yana nuna cewa yaƙe-yaƙen wasu al'ummai ma abin nazari ne ga mumini.

Abin da ake kawowa a matsayin hani shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya taƙaita ɗaura sirdin tafiya ga masallatai uku: na Makka, na Madina da na Ƙudus. Malamai sun saɓa wajen fahimtarsa. Abu Muhammad al-Juwaini ya tafi a kan haramcin yin tafiya musamman zuwa kaburburan salihai, Alƙali Iyad ya karkata ga haka, Ibn Taimiyya kuma ya ƙarfafa shi. Imamul Haramaini da Gazali da Nawawi sun ga hadisin yana magana ne a kan falalar masallatai, bai haramta sauran tafiye-tafiye ba. Muhawarar ta yi tsawo har Taƙiyuddin Subki ya wallafa Shifa'us Siƙam, Ibn Abdil Hadi ya mayar masa da martani da As-Sarimul Munki.

Amma saɓanin nan yana kan tafiyar da ake yi domin neman kusanci ga Allah da wani wuri na musamman. Babu ɓangaren da ya hana tafiya domin fatauci ko ilmi ko sada zumunci. Wanda ya je Verdun domin ya fahimci tarihi bai ƙudurta cewa ƙasar wurin tana da lada ba, don haka hadisin bai shafe shi ba. Wanda ya riga ya isa Madina ya fita zuwa Uhudu, shi ma babu saɓani a kan halaccin abin da ya yi. Inda saɓanin yake aiki shi ne mutumin da ya taso daga garinsu ba da wata manufa ba sai ziyarar kaburburan shahidai, kamar na Zaidu bin Harisa da Ja'afar bin Abi Ɗalib da Abdullahi bin Rawaha, waɗanda suka faɗi a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, kaburburansu kuma suna kusa da Karak a ƙasar Jodan.

4.0 Ma'auni: Uhudu da Hijir

Dutsen Uhudu yana arewa da Masallacin Annabi da kimanin kilomita 5. A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, Musulmi kimanin 700 suka fuskanci Ƙuraishawa kimanin 3,000 a gindinsa. Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan wani ɗan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubairu, ya hana su barin wurin ko da me ya faru. Da suka ga alamar nasara, mafi yawansu suka sauko ɗibar ganima. Khalid bin Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta baya. Sahabbai kimanin 70 suka yi shahada, cikinsu har da Hamza bin Abdil Muɗɗalib da Mus'ab bin Umair, wanda ba a sami mayafin da zai rufe kansa da ƙafafunsa a lokaci guda ba, sai da ciyawa aka rufe ƙafafun. An binne su a inda suka faɗi, da jininsu, biyu-biyu a kabari ɗaya.

Bayan shekara takwas, kamar yadda Uƙba bin Amir ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya fita ya yi wa shahidan nan salla kamar mai bankwana da rayayyu da matattu. Hanafiyya sun fahimci sallar jana'iza ce, wasu malamai kuma suka ce addu'a ake nufi. Abin da ya fi muhimmanci ga bincikenmu shi ne abin da ya biyo baya. Da ya dawo ya hau mumbari, bai yi wa jama'a huɗubar ramuwar gayya ba, bai kuma tayar da tsohuwar gaba da Ƙuraishawa ba. Ya gargaɗe su ne game da duniya. A lafazin Muslim, tsoron da ya bayyana shi ne su yi rige-rige a kanta har su yaƙi juna, su halaka kamar yadda na gabaninsu suka halaka. Aya ta 152 ta Ali Imrana ma ta riga ta danganta abin da ya faru a tudun maharba da son duniya da ya shiga zukatan wasu.

Misali na biyu shi ne Hijir, mazaunin Samudawa, wanda rundunar Tabuka ta ratsa a shekara ta 9 bayan Hijira. Ibn Umar ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga gidajen mutanen nan da aka yi wa azaba sai in mutum yana kuka, ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ba za a yi ƙiyasin kowane fagen yaƙi a kan Hijir ba, domin nassi ne ya tabbatar da saukar azaba a can, babu kuma nassin da ya faɗi haka game da Verdun ko Galifoli. Abin da ake ɗauka daga ƙissar shi ne ladabin zuciya: wurin da rayuka masu yawa suka salwanta ba a shigarsa da gafala.

Daga waɗannan biyu ma'auni ya fito. Ana zuwa, ana yi wa Musulmi addu'a, ana tuna mutuwa, ana kuma fitowa da darasin da zai gyara halin masu rai. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

5.0 Wurare Uku daga Yaƙe-yaƙen Duniya

Verdun gari ne a arewa maso gabashin Faransa. Daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamba 1916, Faransawa da Jamusawa suka gwabza a tuddan da ke kewaye da shi, kimanin mutum 300,000 suka mutu ko suka ɓace, ba tare da iyakar fagen ta gusa wani abin kirki ba. Akwai ƙauyukan da aka shafe, ba a sake gina su ba har yau. A Douaumont akwai wani dogon gini da aka tara ƙasusuwan sojoji kimanin 130,000 da ba a gane su ba, na ɓangarorin biyu a cakuɗe, ana hango su ta ƙananan tagogi. A gabansa akwai kaburbura fiye da 16,000, daga ciki 592 na Musulmi ne, an fuskantar da su alƙibla. Sai a 2006 Shugaba Jacques Chirac ya buɗe ginin tunawa da sojoji Musulmi a wurin, shekara 90 bayan yaƙin. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, shi ma an gina shi ne a matsayin sakayya ga jinin Musulmin da Faransa ta ɗebo daga ƙasashen da take mulka.

Canakkale tana bakin mashigin ruwan Dardanil. Ranar 18 ga Maris 1915 jiragen ruwan yaƙi na Ingila da Faransa suka yi yunƙurin kutsawa ta nan domin su kai ga Istanbul, suka kasa. Ranar 25 ga Afrilu suka sauke dakaru a zirin Galifoli, aka yi wata takwas ana fafatawa da sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, har maharan suka janye a Janairun 1916. Waɗanda suka mutu daga ɓangarorin biyu sun haura 100,000. A yau Turkawa suna bikin 18 ga Maris a matsayin ranar nasara da shahidai, mutanen Ostireliya da Niyuzilan kuma suna taruwa da asuba ranar 25 ga Afrilu su tuna nasu. Ƙasa ɗaya, labari biyu. Abin da ba kasafai ake gaya wa mai ziyara ba shi ne, a cikin rundunar Faransa akwai baƙaƙen sojojin da ake kira 'yan Sanagal, ko da yake daga sassa daban-daban na Afirka ta Yamma aka tattaro su, kuma da yawansu Musulmi ne. Ke nan akwai masu kalmar shahada a ramukan ɓangarorin biyu.

Taukkyan maƙabarta ce a arewa da Yangon, a ƙasar Burma da ake kira Myanmar a yau. Tana da kaburbura fiye da 6,000 na Yaƙin Duniya na Biyu, da ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wannan wuri ya shafe mu kai tsaye. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta kafa a 1943, sun yaƙi Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma Hausa ce harshen da bataliyoyin Nijeriya suka daɗe suna aiki da shi. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung a Legas da Burma Camp a Akra duk daga wannan yaƙi suka samo asali. Mai duba ginshiƙan Taukkyan zai ci karo da sunaye irin na unguwarsu. Arakan ɗin nan kuwa ita ce jihar Rakhine, inda a 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. Tun juyin mulkin 2021 ƙasar tana cikin yaƙi, don haka kiyaye rai yana gaba da duk wata fa'idar ziyara.

6.0 A Gaban Kabari

Hadisin Buraida da ke cikin Muslim ya tabbatar da cewa an hana ziyarar kaburbura da farko, daga baya aka yi izni, wasu ruwayoyi kuma suka bayyana dalilin, wato tuna Lahira. Idan kabarin na Musulmi ne, ana yi masa sallama da addu'a. Idan maƙabartar a cakuɗe take, kamar Taukkyan, mutum ya yi sallama da nufin Musulmin da ke ciki, bisa misalin sallamar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa wani majalisi da ya haɗa Musulmi da mushrikai da Yahudawa, kamar yadda Usama bin Zaid ya ruwaito.

Game da kabarin wanda ba Musulmi ba, Nawawi ya bayyana cewa jumhur sun halatta ziyararsa. Mawardi ya hana, an kafa masa hujja da aya ta 84 ta Suratut Tauba, amma Nawawi ya ƙi wannan ra'ayi, Ibn Hajar ma ya ga akwai rauni a hujjar. Iyakar da aka gindaya ita ce ta aya ta 113 ta wannan Sura: ba a nema masa gafara. Wannan bai buɗe ƙofar wulaƙanci ba. Aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta tabbatar da karamcin ɗan Adam ba tare da warewa ba. Ba a zama a kan kabari, ba a taka shi, ba a mayar da ƙasusuwan Douaumont abin ɗaukar hoton nishaɗi.

Sauran tambaya mai nauyi: Musulmin da ya mutu yana yaƙi domin Ingila ko Faransa, shahidi ne? Bukhari ya ƙulla babi a kan cewa ba a yanke wa wani mutum ayyananne hukuncin shahada, kuma hadisin Abu Musa ya rataya ta ga niyyar ɗaukaka kalmar Allah. Uhudu kanta ta ba da misalai biyu da malaman Sira suka kawo. Ƙuzman ya yi yaƙi mai tsanani a sahun Musulmi, amma domin martabar ƙabilarsa, ya kuma ƙare da kashe kansa. Usairim kuwa ya musulunta a ranar, aka kashe shi bai taɓa yin salla ko ɗaya ba, aka yi masa bushara da Aljanna. In a fage guda an sami wannan bambanci, ina ga wanda bai san mamacin ba sai sunansa a dutse?

Saboda haka ba a ba shi laƙabin shahada da yanke hukunci, ba a kuma jefe shi da cin amanar addini. Da yawa daga cikin sojojin nan tilas aka yi musu. Faransa ta kafa dokar ɗaukar soja dole a Afirka ta Yamma, wasu kuma matsin masu mulki ko talauci ne ya tura su. Hadisin A'isha game da rundunar da ƙasa za ta haɗiye, a cikinta har da waɗanda ba su da hannu, ya nuna cewa za a tashi kowa a kan niyyarsa. Abin da yake kanmu shi ne haƙƙin Musulmi: a roƙa masa gafara da rahama. Mai yiwuwa shekaru da dama sun shuɗe ba wanda ya tsaya a kan wannan kabari ya yi haka.

7.0 A Gaban Ginin Tunawa

Taka-tsantsan ɗin shari'a game da gine-ginen tunawa yana da asali. Ibn Abbas, kamar yadda Bukhari ya kawo, ya bayyana cewa gumakan da aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuhu sunayen mutanen kirki ne, waɗanda aka kafa wa alamomi domin tunawa, sai da zamani ya ja aka bauta musu. Muslim kuma ya ruwaito hanin yin gini a kan kabari, da aiken da Aliyu bin Abi Ɗalib ya yi wa Abul Hayyaj na ya daidaita kaburburan da aka ɗaukaka. Amma gina abu daban, wucewa ta gabansa da karanta abin da ke jikinsa daban. Matafiyi ba shi ya gina ba, kuma kallo ba girmamawa ba ne.

Tsayuwar shiru da ajiye furanni su ne malaman zamani suka saɓa a kai. Lajnatud Da'ima ta Saudiyya ta ɗauke su bidi'a da kwaikwayon waɗanda ba Musulmi ba. Darul Ifta ta Masar ta ɗauki tsayuwar shiru al'ada ce ta karramawa wadda ba ibada ba. Masu sauƙaƙawa sukan ambaci tsayuwar da Manzon Allah (SAW) ya yi lokacin da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya kafa dalili da cewa rai ne, ko da yake Malik da Abu Hanifa da Shafi'i suna ganin an shafe hukuncin tsayuwa ga jana'iza. Game da furanni, wasu sun yi ƙiyasi a kan ɗanyen reshen dabino da ya kafa a kan kaburbura biyu, Khaɗɗabi kuwa ya ƙi a faɗaɗa wannan.

Abin da ya fi kusa da daidai, a ganin wannan maƙala, shi ne a raba. Duk abin da yake da siffar ibada, kamar rusunawa ga mutum-mutumi ko wuta, ko shiga cikin addu'o'in wani addini, Musulmi ba ya yin sa. Abin da yake na tsari ne kawai, kamar yin shiru lokacin da jama'a suka yi shiru, akwai yalwa a cikinsa, mutum kuma yana iya cika wannan lokaci da istigfari da addu'a ga Musulmin da ke kwance a wurin. Wanda yake cikin tawagar hukuma ya nemi sanin tsarin bikin tun kafin ranar, domin neman uzuri a ofis ya fi sauƙi a kan janyewa a gaban jama'a.

8.0 Abin da Duwatsun Suka Yi Shiru a Kai

Gani ya kori ji, amma ganin ginin tunawa bai kori bincike ba, domin wanda ya gina shi ne ya zaɓi abin da za a gani. Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, ta yi shelar daidaita kowa a mutuwa. A Afrilun 2021 rahoton kwamitin da ita kanta ta naɗa ya nuna cewa, daga mamatan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 45,000 da 54,000, galibinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a karrama su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Sakataren tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa.

A ɓangaren Faransa, akwai maƙabartar Chasselay kusa da Lyon, inda aka binne baƙaƙen sojojin da Jamusawa suka yi wa kisan gilla a Yunin 1940. Akwai kuma Thiaroye kusa da Dakar, inda ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa da kansu suka buɗe wa 'yan Afirka ta Yamma wuta, bayan sun dawo daga zaman fursunan yaƙi suna neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi suna ganin sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Umurnin yin bincike kafin karɓar labari, wanda ke aya ta 6 ta Suratul Hujurat, yana da amfani ga labarin da aka sassaƙa a dutse kamar yadda yake da shi ga wanda aka faɗa da baki.

9.0 Kammalawa

Ziyarar fagen yaƙi halas ce, tana kuma iya zama abin lada idan an yi ta domin izina. Matafiyi ya gyara niyyarsa, ya karanta tarihin wurin kafin ya je, ya kiyaye lokacin sallarsa ba tare da ya fuskanci kabari ba. Kada ya roƙi mamaci, kada ya shafi bango domin tabarruki, kada ya ɗebi ƙasar Uhudu, wadda take cikin haramin Madina, malamai da dama kuma sun hana ko sun karhanta fitar da ƙasar harami. A fagagen Turai kada ya ɗauki wani ƙarfe da ya tsinta, domin har yanzu ana haƙo bama-baman da ba su fashe ba.

Bayan wannan, ya binciki abin da ya komo da shi. In alfahari ne da ƙabila ko ƙasa, ko sha'awar zubar da jini, to ya saɓa wa hadisin Abdullahi bin Abi Aufa da ya hana burin haɗuwa da abokan gaba, ya yi umurni da roƙon Allah zaman lafiya. In kuwa ya komo yana tsoron abin da rige-rigen duniya yake jawo wa al'umma, yana ƙyamar fitina tsakanin Musulmi, yana kuma addu'a ga bayin Allah da aka binne nesa da danginsu, to ya dace da abin da aka faɗa a kan mumbarin Madina bayan ziyarar Uhudu. Allah ne Mafi sani.